Shin Manyan Lasifikoki Na Bukatar Ƙarin Akwatin Gurnani?

A garuruwan Sabon Birni da Isa, kamar sauran garuruwan ƙasar Gobir, da wuya a yi biki ko taron makaranta ba a girke manyan lasifikoki biyu ba, ɗaya a dama ɗaya a hagu. A 'yan shekarun nan sai ga akwati na uku ya shigo, gajere, mai nauyi, wanda ake ajiyewa a ƙasa. Masu sayarwa na ce masa sabwufa, samari kuwa wufa kawai suke cewa. Magana ba ta fita daga cikinsa, waƙa ma haka. Aikinsa gurnani, irin wanda ke girgiza kwanon ɗaki har mutum ya ji abin a ƙirjinsa. Tambayar da ke gaban mai gidan kallo da mai kiɗan biki da shugaban makarantar da ke son gyara zauren taro ita ce: wanda ya riga ya mallaki manyan lasifikoki, yana bukatar wannan akwati kuwa? Ra'ayin wannan maƙala shi ne, a mafi yawan lokuta ba ya bukata, kuma kimiyyar sauti da halittar kunne su ne shaidu.

Da farko ya kamata mai karatu ya tuna cewa sauti kaɗawar iska ne. Idan aka bugi ganga, fatarta na yin gaba da baya, tana ture iskar da ke kusa, ita kuma ta ture ta gaba, har motsin ya iso kunne. Yawan kaɗawar a daƙiƙa ɗaya shi ake aunawa da ma'aunin Hertz. Kunnen yaro mai lafiya na jin abin da ya kama daga Hertz 20 zuwa 20,000. Ƙaramin adadi shi ne amo mai kauri, babban adadi kuma siririn amo. Sabwufa ba shi da hurumi sai a can ƙasa, daga Hertz 20 zuwa kamar 80 ko 100.

Fitar da amo mai kauri aiki ne mai wuya, domin sai an ture iska mai yawa. Duk lokacin da adadin kaɗawa ya ragu da rabi, sai faifan lasifika ya ninka tafiyarsa gaba da baya har sau huɗu kafin ƙarar ta tsaya yadda take. Gobirawan dā sun san wannan a aikace. Tamburan sarauta manya ne, masu faɗin baki da zurfin ciki, shi ya sa amonsu ke da kauri, yana kuma kaiwa nesa. Kalangu ba zai iya wannan ba ko da wane gwani ne ya riƙe shi. To, babbar lasifika mai faifan inci 12 ko 15 ita ma tambari ce a tsakanin lasifikoki. Mai kyau daga cikinsu kan sauka zuwa Hertz 50 ko 40 ba tare da taimakon kowa ba. Wanda ke da ƙananan lasifikoki irin na kan tebur yana da hujjar neman sabwufa. Mai manya guda biyu ya riga ya mallaki mafi yawan abin da zai biya kuɗi ya saya.

Sai kuma a duba abin da ake saurare. Muryar namiji baligi kan fara daga wajen Hertz 85, ta mace daga wajen 165. Tsirkiya mafi kauri a jitar bes mai tsirkiya huɗu tana kan Hertz 41. Waƙoƙin Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, murya ce da amshi da kiɗan kotso, kuma na'urorin da suka ɗauke su a wancan zamani ba su kama amon da ke can ƙasa ba. Abin da ba a ɗauka ba, babu akwatin da zai fito da shi. Haka karatun Alƙur'ani da wa'azi da labaran rediyo da muhawarar ɗalibai. A duk waɗannan sabwufa zaune yake yana shan wuta, ko kuma yana ƙara kumbura ɗan gunjin janareta da ya biyo waya. Finafinai da kiɗan da aka haɗa a kwamfuta su ne ke da amon da ya sauka ƙasa da Hertz 40. Hasali ma sinima na cikin wuraren da wannan akwati ya fara yin suna: a 1974 an nuna wani fim na girgizar ƙasa a Amurka mai suna Earthquake, aka girke manyan akwatunan gurnani don 'yan kallo su ji kujerunsu na rawa.

Ɗaki ma yana da ta cewa. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, ya ɗan fi haka a zafin bazara. Ɗalibi na iya yin lissafin da kansa: a raba 343 da 40, za a ga zangon amon Hertz 40 ya haura mita 8, wato ya fi yawancin ɗakunan kwana tsawo. A ɗaki mai tsawon mita 4, amon da ke kusa da Hertz 43 kan bugi bango ya dawo ya haɗu da mai zuwa, sai ya yi tsananin ƙarfi a jikin bango, ya kusa ɓacewa a tsakiya. Mai ɗaki ya ji gurnanin bai ishe shi ba ya ƙara murɗawa, alhali maƙwabci da ke bayan bango shi ke shan duka.

Babbar hujjar dai tana cikin kunne. Bayan dodon kunne akwai ƙananan ƙasusuwa uku da ke miƙa motsi zuwa wata gaɓa mai siffar katantanwa, cike da ruwa. A cikinta akwai wani shimfiɗaɗɗen tantani mai tsawon kimanin milimita 35, wanda ƙwayoyin halitta masu gashi kusan 16,000 ke jere a kansa. Su ne ke juya motsi ya zama saƙon jijiya zuwa ƙwaƙwalwa. Georg von Békésy, wanda ya sami kyautar Nobel a 1961, shi ya nuna cewa siririn amo na kaɗa bakin katantanwar, mai kauri kuwa sai ya ratsa har ƙuryarta. Tsuntsu idan ƙara ta lalata masa waɗannan ƙwayoyi yakan tsirar da sababbi, kamar yadda bincike ya tabbatar a ƙarshen shekarun 1980. Ɗan Adam ba a ba shi wannan baiwa ba. Wadda ta mutu ta mutu ke nan.

A nan dole a yi adalci. Amo mai kauri shi kaɗai bai kai matsakaici da siriri saurin lalata ji ba, domin raunin ƙara kan fara bayyana ne a wajen Hertz 4,000. Haɗarin sabwufa ta bayan gida yake shigowa. Tun 1933 Fletcher da Munson suka auna cewa kunne ba ya jin amo mai kauri da sauƙi, sai an ba shi ƙarfi sosai. Idan kuma aka ba shi ƙarfin, sai ya danne amon da ke sama da shi, muryar mawaƙi ta nutse. Daga nan mai kiɗa ya ɗaga manyan lasifikokin don murya ta fito, gurnani ya koma baya, a sake ɗaga shi. Kafin a ankara an kai maƙura. Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata ke amfani da ita ta ce desibel 85 na awa 8 ne, kuma duk ƙarin desibel 3 na rage lokacin da rabi: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, 100 kuwa minti 15. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan saurare, kuma a 2022 ta fitar da mizanin da ya ce kada matsakaiciyar ƙarar wurin taro ta wuce desibel 100. A wurin biki kuwa, su wa ke tsaye dab da akwati? Yara ƙanana, waɗanda za su shiga aji da safe kunnuwansu na kuka, malam na magana suna jin ta kamar daga cikin rijiya.

Wani abin kuma ya shafi harshen kansa. Hausa harshe ne mai karin sauti, inda hawa da saukar murya ke bambanta ma'ana, kuma wannan kari yana zaune ne a ƙasan murya, kusa da inda gurnani ke mamaya. Ga Bahaushe mai sauraren waƙa don kalmominta, asara ce babba a rufe su da rugugi.

Maƙwabta su ma suna da haƙƙi. Iska na shanye siririn amo da wuri, bango na tare shi, amma mai kauri ratsawa yake yi. Giwaye na amfani da wannan sirri: a 1984 Katy Payne ta gano suna kiran juna da amon da ke ƙasa da abin da kunnen mutum ke ji, kuma kiran na kaiwa kilomitoci. Da dare a lokacin hunturu, sa'ad da iskar ƙasa ta fi ta sama sanyi, sauti kan lanƙwaso ya bi ƙasa, ta yadda kiɗan da ake yi a unguwa ɗaya zai tsallake fadamar Gulbin Rima ya sami ƙauyen da ba a gayyata ba. Nijeriya na da dokar taƙaita ƙara tun 2009 a ƙarƙashin hukumar NESREA, ko da yake ba a cika ganin aikinta a karkara ba. A yankin da ya daɗe yana fama da 'yan bindiga kamar gabashin Sakkwato, kunne da dare kayan tsaro ne. Mai gadin gari na bukatar jin ƙarar babura daga nesa, kuma gurnanin sabwufa na rufe irin wannan ƙara.

Duk da haka akwai inda akwatin ke da amfani na gaske. A fili, inda babu bangon da zai mayar da amo, kuma ƙara ke raguwa da desibel 6 duk lokacin da nisa ya ninka, manyan lasifikoki kan wahala. Idan aka sa matatar da ke raba amo a wajen Hertz 80, sabwufa ya ɗauki na ƙasa, sai manyan su huta, muryar ta fito tas, faifansu kuma ya daɗe bai yage ba. Mai gidan kallon finafinai ma na da uzuri. Sharaɗin shi ne a saita shi ya cike giɓi kawai. Gwajin mai sauƙi ne: idan mai saurare zai iya rufe ido ya nuna inda akwatin yake, to an wuce gona da iri, domin ƙasa da Hertz 80 kunne ba ya iya gane ta inda amo ke fitowa.

Ga makarantun sakandare na Isa da Sabon Birni, inda wutar lantarki ba ta da tabbas, lissafin a bayyane yake. Sabwufa na bukatar amfilifaya tasa, yana cin man janareta, yana saurin zuƙe batirin sola. Kuɗinsa zai sayi makirufo mai kyau da wayoyi masu inganci da ƙarafan da za a ɗaga lasifikokin sama da kawunan ɗalibai, a karkato su ga masu saurare, wanda shi kaɗai kan gyara sautin zaure fiye da kowane sabon akwati. Malamin kimiyya kuma na iya sauke manhajar auna ƙara a wayar hannu, ya sa ɗalibai su auna a mita 1 da mita 2 da mita 4 daga lasifika, su zana jadawali, su kwatanta da lokutan da aka ambata a sama. Awon waya ba cikakke ba ne, amma ya isa ya nuna inda ya kamata a ja layi a ƙasa a hana yara tsallakewa.