Kafin Yatsa Ya Taɓa Doki

Wasan shaɗaranji ya shigo ƙauyukanmu ta ƙofar da ba mu zata ba, wato wayar hannu. Daga Abu Na'ama zuwa Sinja da Mai Wurno, duk inda intanet ta samu ta leƙo, akwai samarinmu da ke buɗe Chess.com ko Lichess domin warware matsalar ranar: an jera 'ya'yan wasa a kan allo, an ce fari ne da motsi, a nemo hanyar da za ta kashe sarkin baƙi. Ba mu ga aibin wannan ba. Ƙorafinmu yana kan yadda da yawansu ke yin ta. Yatsa ne ke riga hankali isa. A taɓa doki, waya ta ce kuskure, a koma kan waziri, ta sake cewa kuskure, a karo na huɗu a dace, sai a ɗauki hoton allon a aika wa abokai. Wanda ya yi haka canka ya yi, kuma ko makaho zai dace in aka ba shi dama huɗu.

Bari mu ɗauki wata tsohuwar matsala da ke yawan dawowa cikin sababbin tufafi, wadda asalinta ke cikin littafin Lucena da aka buga a Sifen a 1497. Sarkin baƙi yana maƙale a kusurwa, a gidan h8. Askarawansa biyu suna gabansa a g7 da h7, ɗabiyarsa tana can nesa a a8, a layi ɗaya da shi. Fari yana da waziri a e6 da doki a h6, kuma an ci masa 'ya'ya da yawa, in wasa ya yi tsawo shi ne a ƙasa. Askarin g7 kuwa yana shirin cinye dokin.

Mai haƙuri zai naɗe hannunsa ya fara ƙidaya. Hanya ta farko, a janye dokin a tsira da shi. Ba laifi, amma baƙi ya sami numfashi ke nan, kuma shi ne mai rinjaye. Hanya ta biyu, doki ya diro f7 ya ce kish. Dole sarki ya fito g8, doki ya koma h6 da kish biyu a lokaci guda, nasa da na waziri, sarki ya koma kusurwarsa. Ana iya ta maimaita wannan har a tashi babu wanda ya ci. Ga wanda ke ƙasa wannan riba ce, kuma a nan ne yawancin mutane ke tsayawa, don sun sami abin da ya fi faɗuwa. Sai dai ƙidayar ba ta ƙare ba, akwai kish ɗin da ido ke ƙin kallo saboda muninsa: waziri ya shiga g8, ya tsaya a gefen sarki. Sarki ba shi da ikon cin sa domin doki na tsaron gidan. Ɗabiya ce kaɗai za ta ci, kuma tilas ta ci. Tana sauka a g8 ta toshe wa sarkinta ƙofar da ta rage. Doki ya diro f7. Sarki ya mutu a tsakiyar mutanensa, su ne suka shaƙe shi.

Wanda bai ƙidaya kowane kish ba, har da wanda ya yi kama da hauka, ba zai ga wannan ba sai dai a nuna masa. Alexander Kotov, gwanin wasan daga Tarayyar Sobiyet, shi ne ya yi suna da koyar da wannan tsari a littafinsa da ya fito da Ingilishi a 1971. Ya ce a fara jera motsin da suka cancanci dubawa, mu kira su 'yan takara, sannan a bi kowanne zuwa ƙarshensa, a daina tsalle daga reshe zuwa reshe. An soki Kotov cewa babu ɗan Adam da ke tunani a tsare haka, kuma sukar tana da tushe. Tun a 1946 Adriaan de Groot, masanin halayyar ɗan Adam daga Holan, ya nuna cewa manyan gwanaye ba su cika fin matsakaitan 'yan wasa yawan motsin da suke dubawa ba. Fifikonsu shi ne motsi mai kyau yana cikin waɗanda suke fara gani, saboda dubban siffofi da suka riga suka zauna a kansu. To amma yaron da ya fara wasa bara ba shi da wannan rumbu. Ƙidayar ce za ta cika masa shi, sannu a hankali.

Kada kuma wani ya ɗauka cewa wannan fanni na Turawa ne. A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa, al-Adli da as-Suli, wanda ya rasu wajen 946, sun tattara irin waɗannan matsaloli, ana kiran su mansubat, ƙarnuka kafin Lucena. Kuma mu kanmu ba baƙi ba ne a wannan fage. Darar da muka gāda daga ƙasar Hausa, wadda ta riga hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903 da daɗewa, makarantar wannan ƙidaya ce. Gurabe 30 a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, wannan da karare wancan da tsakuwa. Kafin a fara tafiya sai an gama zubi, kuma a lokacin zubi an hana jera uku. Ma'ana, rabin wasan ana yin sa ne ba tare da an ci ko ɗa guda ba, kowane gurbi da mutum ya cika yana auna abin da zai haifa bayan motsi goma. Haka sijar maƙwabtanmu take da nata zubin kafin a fara ci. Tsohon da ya riƙe kara a sama ya yi shiru har shayinsa ya huce, abin da Kotov ya rubuta yake yi, ko da bai taɓa jin sunansa ba.

Dara ta fi waya a wurare biyu. In ka ajiye ka ajiye, ga 'yan kallo sun kewaye ka, babu maɓallin komawa baya. Sannan babu wanda zai raɗa maka cewa a nan akwai ci. Matsalar waya takan zo da alkawari: an riga an tabbatar maka da akwai mafita, saura ka nemo. Wannan ya sa wasu samari ke gwanancewa a matsala, amma in sun zauna wasa na gaske sai su riƙa jefar da waziri inda babu komai a bayansa, suna zaton kowace sadaukarwa tana da lada. Sun lissafa nasu motsin, sun manta da amsar abokin karawa. Hausawa sun daɗe da sanya wa wannan suna: dara ta ci gida.

Mu da muke noma a wannan baƙar ƙasa mun san tsadar irin wannan mantuwa fiye da ɗan birni. In damina ta kama, mai gona yana tsakanin riɗi da dawa. Riɗi na da kuɗi, amma in ya nuna ba a sami hannun yanka cikin 'yan kwanaki ba, sai ya tsage ya zube a ƙasa. Dawa tana jira, amma tsuntsu ma yana jiran ta. Wanda ya dubi farashin kasuwar Sinja kaɗai ya zaɓa, bai tambayi kansa wa zai yanka masa ba, sai baɗi zai sake samun motsi. Bayan abin da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya yi wa wannan yanki, gidaje kaɗan ne ke da ƙarfin ɗaukar kuskuren shekara guda.

Saboda haka shawararmu ga masu wannan sha'awa ita ce a fitar da matsalar ranar daga cikin waya. A zana gidaje 64 a kwali ko a ƙasa ƙarƙashin rakuba, a jera ta, a kife wayar. Kowa ya faɗi ɗan takararsa da baki, kada a karɓa sai ya faɗi mafi ƙarfin amsar da baƙi zai bayar. A yi wannan musu da Hausa, domin yaranmu da yawa suna lissafi da Larabci su bar Hausa ga gaisuwa da kiran abinci, alhali kalmomin na nan: zubi, gurbi, ci, tarko, toshiya. A kuma gayyaci dattawan dara su zauna. Tafiyar doki da ta giwa za su koya cikin yini ɗaya, kuma muna kyautata zaton kafin mako ya zagayo su ne za su riƙa tsayar da hannun samarin suna tambaya: in ka sa nan, shi kuma ya sa ina?