Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Harkokin Wajen Najeriya

Ranka ya daɗe,

Na rubuto maka ne kan matasanmu da dillalai ke yaudara da sunan aiki a ƙasar waje, su ƙare a bakin daga cikin yaƙin da ba su san mafarinsa ba. Buƙatata guda ce: ma'aikatarka ta buɗe ƙofa ga iyayen waɗannan yara, ta yi aiki da su kafaɗa da kafaɗa. A ƙasashe da dama da suka ga 'ya'yansu sun dawo daga irin wannan tarko, kukan iyaye ne ya fara motsa gwamnati.

Mu fara da Sudan, inda muke da dangi masu yawa. A ƙarshen 2019 wani kamfanin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa mai suna Black Shield ya ɗebi ɗaruruwan samari da alkawarin aikin gadi. Da suka isa Daular, aka kai su sansanin horon soja, aka karɓe fasfo da wayoyinsu, daga bisani aka kwashi da yawansu zuwa Ras Lanuf, garin man fetur na Libiya da ke hannun dakarun Khalifa Haftar. Da labari ya iso gida a watan Janairun 2020, iyaye da 'yan'uwa suka yi cincirindo a ƙofar ofishin jakadancin Daular a Khartoum, suna neman a dawo musu da 'ya'yansu. Ba a jima ba jirage suka fara sauke samarin a gida.

Tun bayan da Rasha ta afka wa Ukraine a 2022, wannan sana'a ta samu babbar kasuwa. A Nepal, wata 'yar siyasa mai suna Kritu Bhandari ta haɗa kan iyalan da mazansu suka tafi, ta riƙa tattara sunaye ɗaya bayan ɗaya tana kai wa hukuma. A Janairun 2024 gwamnatin ƙasar ta dakatar da bai wa 'yan ƙasarta izinin zuwa aiki Rasha da Ukraine. A Indiya kuwa, samarin da suka maƙale ne suka aiko da bidiyo suna neman ceto, iyayensu suka yi ta yayatawa. Hukumar bincike ta ƙasar ta kai samame kan dillalai a Maris 2024, sannan a Yuli Firaminista Narendra Modi ya tayar da maganar gaban Shugaba Putin a Mosko, aka yi alkawarin sallamar su.

Yanzu wutar wannan yaƙi ta iso Afirka. A Nuwamban 2025 ministan harkokin wajen Ukraine ya ce ƙasarsa ta gano 'yan Afirka 1,436 daga ƙasashe 36 a cikin rundunar Rasha. Magana ce ta ɓangare guda a yaƙi, kuma Rasha na cewa masu shiga rundunarta da son ransu suke shiga. Amma a wannan watan na Nuwamba dai gwamnatin Kenya da kanta ta ce 'yan ƙasarta fiye da 200 na can, bayan da 'yan sanda suka tarar da mutum sama da 20 a wani gida a Athi River suna jiran a fitar da su. Fadar shugaban Afirka ta Kudu ita ma ta tabbatar da samun kiran neman agaji daga mutum 17 da suka maƙale a yankin Donbas na Ukraine. 'Yan mata ma ba su tsira ba: shirin Alabuga na jihar Tatarstan ta Rasha yana neman masu shekara 18 zuwa 22 da sunan karatu da koyon sana'a, amma binciken kamfanin dillancin labarai na AP a 2024 ya nuna da yawansu a masana'antar harhaɗa jirage marasa matuƙi suke ƙarewa, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da aka ambata. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ranka ya daɗe, salon yaudarar kusan iri ɗaya ne ko'ina. Talla ce ake gani a WhatsApp ko TikTok: ana neman direba, mai gadi, mai dafa abinci. Ejan ya faɗi kuɗin biza da tikiti, uba ya jinginar da gona, uwa ta sayar da tumakinta. Yaro ya sauka, a miƙa masa takarda da rubutun Rashanci a ce ya sa hannu, ba tafinta, ba lauya. Ana gaya masa kwantiragin shekara guda ce, ba a gaya masa cewa tun dokar da Putin ya sa wa hannu a Satumban 2022 kwantiragin soja ba ta ƙarewa sai gwamnati ta ce ta ƙare. Horon 'yan makonni, sai fagen fama. A gida kuwa, uwa na nan riƙe da waya tana duba ranar da ɗanta ya leƙa WhatsApp na ƙarshe, ejan ya canza lamba, maƙwabta na tambaya tana cewa lafiya lau yake.

Wannan "lafiya lau" ɗin ita ce jarin dillalai. Iyaye na ɓoyewa saboda kunya, da kuma tsoron kada a kira ɗansu sojan haya a kama shi in ya dawo. Muddin suna ɓoyewa, ejan zai ci gaba da cin kasuwarsa a unguwa ta gaba. Na san akwai waɗanda suka tafi ido buɗe saboda kwaɗayin albashi da takardar zama ɗan ƙasa. Bambance su da waɗanda aka yaudara aikin bincike ne, kuma ba a bincike sai mutane sun yarda su yi magana.

A Maris 2022, da aka ji ana neman 'yan Najeriya su je su taya Ukraine yaƙi, ma'aikatar nan ta fito fili ta ce ba za ta lamunta ba. Matsayin ya yi daidai, kuma ya kamata ya hau kan kowace ƙasa, abokiya ce ko ba abokiya ba. Sai dai sanarwa daga Abuja ba ta isa ƙauye, ba ta kuma dawo da wanda ya riga ya tafi.

Don haka ina roƙon a ware ofishi da lambar waya inda uba ko uwa za su kai sunan ɗansu da Hausa, Yarbanci, Ibo ko Fulatanci, tare da tabbacin cewa kai rahoto ba zai zama laifi a kansu ba. Sunayen da aka tattara su zama abin da jakadanmu a Mosko zai ajiye kan tebur, yana tambayar kowane ɗaya: yana raye, yana asibiti, yana hannun Ukraine, ko ya rasu? Wanda ya rasu a dawo da gawarsa ko a bai wa iyalansa shaida, domin matarsa ta san matsayinta, magada su san nasu. Hukumar NAPTIP, wadda aka kafa tun 2003 domin yaƙi da safarar mutane, ta bi sawun ejan-ejan, ma'aikatar ƙwadago ta soke lasisin duk kamfanin da aka samu da hannu. Gargaɗin kuma a miƙa shi ga limamai, fastoci, masu unguwanni da gidajen rediyo, a bar iyayen da abin ya shafa su faɗa da bakinsu, domin saurayi ya fi jin maganar uwar abokinsa a kan takardar gwamnati.

Idan iyaye suka taru a ƙofar ma'aikatarka, kada a tarbe su da 'yan sanda. A shigo da su, a ba su kujera, a rubuta sunayen 'ya'yansu. Allah ya taimake ka, ya ba ka ikon sauke wannan nauyi.

Wassalam.

Naka,
Wani ɗan ƙasa, daga Kano.