Gwamna Uku Daga Gidanmu, Ga 'Ya'yan Talaka Na Kashin Jini

Jama'a, ku zo mu yi lissafi. Bakura ta ba Zamfara gwamna, Ahmad Sani Yarima, daga 1999 zuwa 2007. Talata Mafara ta ba da Abdul'aziz Yari, daga 2011 zuwa 2019. Maradun ta ba da Bello Matawalle, daga 2019 zuwa 2023. Shekara 20 ke nan mulki yana hannun 'yan gida. To, ina talakan garuruwan nan uku zai kai ɗansa in hanjinsa ya lalace?

Ku 'yan kasuwa kun san irin gidan da nake nufi. Yara biyu ko uku, uwa ɗaya uba ɗaya, kullum murɗar ciki da gudawa mai jini da majina. Yaro ya shekara goma, ka gan shi kamar ɗan shida. Uwa ta bar sana'a ta koma wankin tsumma. Uba ya sayar da akuya, ya sayar da hatsin da za a ci, kuɗin duk su ƙare a kemis wajen Flagyl. Wannan ya ce atuni ne, wancan ya ce basir ne, tsohuwa ta ce sammu. A sha magani ya lafa, bayan wata biyu ya komo.

Ruwa ba ya tsami banza. Wani ciwon daga ruwa yake. An gama madatsar Bakolori a 1978, kuma ba mu manta da manoman da 'yan sanda suka harbe a Afrilun 1980 don sun nemi diyyar gonakinsu ba. A irin magudanan noman rani da yaranmu ke wanka ne katantanwar da ke ɗauke da tsutsar tsargiya take zama. Kowa ya san tsargiyar fitsari, amma akwai wadda ke cin hanji da hanta. Maganinta ƙwaya ce, praziquantel, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ke rabawa kyauta don 'yan makaranta.

Wani kuwa ba tsutsa ba ce, ba a kuma ɗaukarsa wurin kowa. Garkuwar jikin yaro ce ke juyowa ta yaƙi hanjinsa har ya yi gyambo. Likitoci na kiran ɗaya irinsa cutar Crohn. Yakan bi dangi, ba ya warkewa ƙaƙaf, amma magani na kwantar da shi yaro ya yi girma. Ba a gane shi sosai sai an zura na'urar leƙa hanji. Sai a ce maka tafi Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Sakkwato. Da wane kuɗin mota? Ta wace hanya, ga 'yan bindiga? Su manya in cikinsu ya ɗan juya sai jirgin Masar ko Indiya.

A Abuja, cikin 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya. Muna so gwamnatin Gusau ta karanta mana nata a rediyo, da abin da ta rubuta da abin da ta saki. Muna neman awon bayan gida kyauta ga yara a manyan asibitocin garuruwan nan, da rabon maganin tsargiya har tsangayu, da na'urar leƙa hanji da likitanta a Talata Mafara.

Duk mai yaro irin wannan ya zo ofishin reshe ranar Talata in an tashi kasuwa, mu rubuta shekarun yaro da abin da aka kashe. Takardar za mu kai Majalisar Dokoki ta Gusau da hannunmu.