Ina Labarinmu Na Bara?



Wata malamar firamare a cikinmu ta ce duk ƙarshen zango takan ɗauko aikin ɗalibi na makon farko ta jera shi da na makon ƙarshe, don yaron ya ga yadda hannunsa ya faɗa. Mu fa? Da za a ce mu kawo labarin da muka rubuta bara, da yawanmu sai kame-kame. Yana wani guruf na WhatsApp da aka watse, ko ya bi wayar da aka sace. Wani ma da hannunmu muka goge, wai kunya muke ji.

Gogewar nan ta fi ciwo. Tsohon rubutu ne kaɗai zai nuna mana ko har yanzu muna haɗe "ya ce" da "ta ce", ko jarumarmu na nan tana kuka a kowane shafi. Yabon masu karatu ba ya nuna wannan, su dai "ci gaba, Anti" kawai.

Ga kuma ɓarayin fasaha. A cire sunanka, a karanta littafinka a YouTube, ka tashi magana a ce ina shaida?

Shi ya sa muke ganin kowa ya buɗe ma'ajiya ɗaya, ko a Google Drive ko ya riƙa tura wa kansa imel. A sa kwanan wata, a bar rubutun farko kusa da gyararre. Har wanda muka aika gasar Hikayata ta BBC Hausa bai kai labari ba, a ajiye shi, a rubuta abin da muke zargin ya kayar da shi.