Daga Bakin Allo: Wa Ya Ba Su Kabul?



Ran nan gab da magariba, a teburin mai shayi a Zongon Paraku, na tarar da samari suna gardama a kan Afganistan. Ɗaya daga cikinsu, tsohon ɗalibina, ya ce: "Malam, mutanen da suka kori Amurka bayan yaƙin shekara 20, ai Allah ne ya ba su. Wa zai ce mulkinsu bai halatta ba?" Kafin in buɗe baki aka kira salla. To ga amsata yau.

'Yan Taliban sun fara kama Kabul ne a watan Satumba 1996, suka kashe tsohon shugaba Najibullah, suka rataye gawarsa a bainar jama'a. Ƙasashe uku kacal suka amince da gwamnatinsu: Pakistan da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Amurka ta tumɓuke su a 2001. Ranar 15 ga Agusta 2021 suka dawo, Shugaba Ashraf Ghani ya tsere. Sai a watan Yuli 2025 aka sami ƙasar farko da ta amince da su a hukumance, wato Rasha.

A faɗi gaskiya komai ɗacinta. Gwamnatin da suka kora cin hanci ya yi mata katutu, bama-baman Amurka kuma sun hallaka talakawan da ba su ji ba ba su gani ba. Da Taliban suka hau, babban yaƙi ya lafa, matafiya suka sami hanya. Wanda ya kwana shekara 40 cikin ƙarar bindiga ba zai raina wannan ba.

Amma ni malamin makaranta ne, da allo nake auna gwamnati. A watan Maris 2022 'yan mata suka yi sammako zuwa sakandare bisa alkawarin za a buɗe, aka mai da su gida a ranar. A Disamba ta wannan shekara aka rufe wa mata jami'a. Iyakar karatun yarinya aji shida. A lissafinmu na nan, 'yarka ta gama CM2, ta ci CEP, sai a ce mata ba koleji, ta koma ɗaki. To, nan da shekara goma wa zai duba matan ƙasar a asibiti, alhali ba a son likita namiji ya duba su?

Kada wani ya ce addini ne. Shehun Azhar da ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC duk sun yi tir da rufe jami'o'in. Mu ma muna da namu tarihi: Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta tura jajojinta ƙauye-ƙauye suna karantar da matan aure, aka kira su 'yan taru.

Babbar matsalar ita ce, uban da bai yarda da wannan doka ba, ina zai kai kuka? Babu zaɓe, babu majalisar da jama'a suka tura. Umarni daga Kandahar yake fitowa, daga bakin shugabansu Hibatullah Akhundzada.

Mu a Benin mun ɗanɗana irin wannan. Kereku ya hau da bindiga ranar 26 ga Oktoba 1972. Zuwa 1989 baitulmali ya ƙafe, malamai suka yi watanni ba albashi, shekarar karatu ta tafi a banza. Ina ɗan firamare a lokacin, ban manta ba. A Fabrairu 1990 aka yi babban taron ƙasa a Kwatano, Kereku ya karɓi abin da taron ya yanke. Soglo ya kayar da shi a zaɓen 1991, ya sauka. A 1996 ya dawo da ƙuri'a, ya kuma tafi a 2006 da wa'adinsa ya cika. Mutum ɗaya ne, amma mulkinsa na farko ƙwace ne, na biyu kuwa amana ce da aka ba shi, wadda masu ita ke iya karɓe abinsu. Ma'aunina ke nan, ɗalibina. Cin yaƙi yana nuna wa ya fi ƙarfi. Halaccin mulki kuwa sai an tambayi waɗanda ake mulka.

Me ya kawo wannan magana a Paraku da Jugu? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tun ƙarshen 2021 masu ɗauke da makamai ke kai hari a Atakora da Alibori. A Afrilu 2025 kaɗai sun kashe sojojinmu 54 a yankin gandun dajin W. A Mali da Burkina Faso irinsu sun sa an rufe dubban makarantu. Su ma adalci suke yi wa matasa alkawari. Iyaye da limamai, ku zauna da samarinmu. Duk wanda ya zo da daɗin baki, su tambaye shi abu biyu: in ka hau, ƙanwata za ta je makaranta? In ka zalunce mu, ta yaya za mu sauke ka?

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya kawo wa mutanen Afganistan sauƙi. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.