Babban Mutum Ma Yana Gudu: Me Zai Hana Mu Shirya Tseren Iyo, Keke Da Gudu A Madarunfa?

Ranar da na fara fita gudu da asuba a Madarunfa, wani dattijo da ke dawowa daga masallaci ya tsaya ya dube ni, ya leƙa bayana, sannan ya ce, "Malam, lafiya? Wa ya biyo ka?" Na ce, "Baba, ba kowa, motsa jiki nake yi." Ya girgiza kai ya wuce. A wurinmu magidanci ba ya gudu sai da dalili: ko gobara, ko ɓarawo, ko 'yan bindiga. Ni kuwa dalilina wata 'yar takarda ce da likita ya miƙo mini a Maraɗi, bayan ya auna ni ya ce jinina ya hau, ciwon suga kuma yana bakin ƙofa. Shekarata 43 a lokacin, aikina na zaman kujera ne, ko cefane zan je sai na hau babur.

Daga gudu na koma kan tsohon kekena da ya daɗe a jingine a zaure, daga nan kuma na shiga tafki na sake koyon iyon da na bari tun ina yaro. Sai daga baya na gane ashe haɗa waɗannan abubuwa uku wasa ne mai zaman kansa a duniya, wanda ake kira tirayatlon. Mutum zai fara da iyo, ya fito ya hau keke, ya sauka ya kama gudu, agogo kuma ba ya tsayawa sai ya kai ƙarshe. Ra'ayina shi ne ya kamata mu shirya irin wannan tsere a nan Madarunfa, na talakawa waɗanda ba sana'arsu ba ce wasa, kuma zan faɗi dalilaina tare da abubuwan da ke ba ni tsoro.

Da farko, wasan nan ba ƙwararru suka ƙirƙiro shi ba. A watan Satumba na 1974 wasu masu sha'awar gudu a birnin San Diyego na Amurka suka shirya shi, mutum 46 suka shiga. A 1978 aka yi doguwar gasar nan ta Ironman a Hawai: iyo na kusan kilomita 4, keke kilomita 180, gudu kilomita 42. Mutum 15 suka fara, 12 suka gama, wanda ya zo na ɗaya, Gordon Haller, ya shafe awa 11 da minti 46. Sai a shekarar 2000 wasan ya shiga Olamfik a Sidni, da iyo na mita 1,500, keke kilomita 40, gudu kilomita 10. Akwai kuma gajeren zango, rabin wancan: mita 750, kilomita 20, kilomita 5. Har yau mafi yawan masu shiga irin waɗannan gasa malaman makaranta ne, ma'aikatan asibiti, 'yan kasuwa da tsofaffi, waɗanda burinsu kawai su kai ƙarshe.

Wannan gajeren zangon muka gwada bara, mu huɗu, bayan an gama girbi, tafki yana cike. Ba mu da alƙali, ba mu da kyauta. Mun roƙi wani masunci ya bi mu da kwale-kwalensa saboda tsaro. Kafin mu shiga ruwa ya ce, "Malam, yarona ma zai bi ku, in ba damuwa." Yaron bai wuce shekara 16 ba. Ina cikin haki ban ci rabin zango ba, shi har ya fita yana shanya jiki a bakin gaɓa. Da muka hau kekuna na ɗan rama, amma da na sauka zan fara gudu sai na ji ƙafafuna kamar an ɗaura musu turmi. Na gama a cikin awa biyu da kusan rabi, ni ne na ƙarshe. Ban taɓa jin daɗin zama na ƙarshe ba sai ranar.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yaron nan. Ba wanda ya taɓa ce masa abin da ya iya wasa ne da ake samun lambar yabo da shi. Haka mai kai zogale daga Jiratawa zuwa kasuwar Maraɗi a kan keke, haka makiyayin da ke wuni yana bin dabbobi a ƙafa. Iyo da keke da doguwar tafiya duk muna yin su, amma mun ɗauke su alamar talauci. Da zarar mutum ya samu abin hannu sai ya sayi babur ya jingine keke, daga nan tumbi ya fito, a ce ya samu hutu. Bayan shekara goma sai a gan shi a layin masu hawan jini. Gasa a bainar jama'a, wadda liman da ɗan kasuwa da malamin makaranta za su shiga, ita ce za ta cire wa magidanci kunyar motsa jiki fiye da kowace nasiha ta rediyo.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum 300,000 ne ruwa ke ci a duniya a shekara, kuma yara ƙanana na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Mu da ke zaune tsakanin tafki da Gulbin Maraɗi ba mu buƙatar a karanta mana alƙaluma. Kowace damina, in gulbi ya kawo, in kududdufai suka cika, sai an ji gidan da aka yi makoki. Maganin da muka sani shi ne bulala: kada ka kuskura ka je ruwa. Amma yaro zai je, a ɓoye, ba tare da babba ba, ba tare da ya iya ba. Da a ce akwai gasar da yara ke ɗokin shiga, da dole a samu masu koyarwa, dole a ware wuri marar zurfi, dole masunta su zama malamai. Ko da ba mu taɓa fitar da zakara ko ɗaya ba, yaro guda da ya tsira saboda ya iya iyo ya biya wahalar.

Dalili na uku ya shafi ƙasa baki ɗaya. A Olamfik ɗin Sidni na 2000, ɗan wasan iyo na Nijar, Karim Bare, an fitar da shi a tseren mita 100 saboda ya faɗa ruwa kafin a ba da izini, abin da ya sa Eric Moussambani na Ikwatoriyal Gini ya yi iyonsa shi kaɗai har duniya ta san shi. A 2012 a Landan, Hamadou Djibo Issaka ya wakilce mu a tseren tuƙa kwale-kwale bayan horo na wata uku kacal. Ya zo na ƙarshe, 'yan kallo suka yi ta yi masa tafi. Ban kawo su don dariya ba, jarumai ne. Amma dubi kokowa. Tun 1975 ake gasar takobi ta ƙasa, kuma ba a taɓa rasa gwanaye ba, domin kowane ƙauye yana da dandalin da yara ke kokowa bayan girbi. Inda tushe ke da faɗi, nan zakaru ke fitowa. Ba a kiwon akuya ranar Sallah a ce za ta yi ƙiba.

Yanzu ga abubuwan da za a ce, kuma wasunsu gaskiya ne.

Na ɗaya, tsargiya. Duk ruwan da ke kwance a yankinmu ana iya ɗaukar ta a cikinsa: tsutsar tana fitowa daga jikin katantanwa, ta huda fata, daga baya mutum ya ga jini a fitsari. Wannan ba abin wasa ba ne, ni kaina sai da na je aka auna ni bayan na fara shiga tafki. Sai dai mu tuna masunta da mata masu wanki da yara suna cikin ruwan nan kullum, da gasa ko babu. Akwai maganinta, irin wanda ake rabawa a makarantu. Sharaɗina shi ne kada a shirya komai sai da ma'aikatan lafiya, a auna masu shiga, a ba da magani. In kuma suka ce ruwan bai dace ba a wannan shekara, sai a yi gudu da keke kawai, wannan ma tsari ne da aka sani a duniya.

Na biyu, a ce wasan masu ƙoshi ne, mutanen da ke fama da tsadar hatsi ina su ina tsere. Gaskiya ne a Turai ana sayar da keken tsere da kuɗin da zai sayi mota. Mu ba shi muke nufi ba. Keken da ake kai niƙa da shi ya isa, kuma a hana kowa zuwa da wanda ya fi na jama'a, ko a ware masa rukuninsa. Kokowa ma ba masu kuɗi suka raya ta ba.

Na uku, tsaro. Kowa ya san halin da ƙauyukanmu na kan iyaka suke ciki a 'yan shekarun nan, da sace mutane da korar dabbobi. Ba zan ce a kai mutane daji ba. A yi da rana, a kusa da gari, a zagaya gajeriyar hanya sau da yawa, da sanin hukuma. Amma kada mu yarda tsoro ya ƙwace mana har taron farin ciki. Garin da ba a taruwa a cikinsa sai don jana'iza ya riga ya yi asara.

Na huɗu, mutuncin wurin. Tafkin Madarunfa ba kamar sauran tafkuna ba ne. A gewayensa ne kaburburan waliyyai 99 suke, mutane na zuwa ziyara daga nesa, kuma tun 2006 Nijar ta sa tafkin da dajin da kaburburan a jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Don haka kafin a buga ko da takarda ɗaya, a fara zuwa wurin sarakuna da malamai da shugabannin masunta, su nuna inda za a shiga da inda ba za a taka ba. Sutura kuma ba matsala ba ce: ni da riga da wando mai wuce gwiwa nake iyo. Mata ma suna da haƙƙi a kan lafiyar jikinsu, kuma ruwa ba ya tambayar jinsi kafin ya ci mutum. A ware musu lokacinsu da wurinsu, mata su koyar da mata.

Shawarata ga magajin gari da ƙungiyoyin matasa ita ce a fara da ƙarami. Rana ɗaya bayan girbi, kafin sanyin hunturu ya tsananta. Iyo na mita 300 a gefen gaɓa, kwale-kwale a kowane gefe, keke kilomita 10, gudu kilomita 3. Wanda ba zai iya duka ba, a haɗa ƙungiyar mutum uku: masunci ya yi iyo, mai keke ya karɓa, ɗan makaranta ya ƙarasa da gudu. Kyauta buhun gero ko sabon keke, ba sai an jira wata ƙungiyar waje ta kawo tallafi ba. Duk wanda ya haura shekara 40 kuma a auna jininsa kafin ya shiga.

Ni dai jinina ya sauka, likita ya rage mini magani, ko da yake ya gargaɗe ni kada in daina sha da kaina. Dattijon nan kuwa har yanzu muna haɗuwa da asuba. Ya daina tambayar wa ya biyo ni, sai dai ya ce, "Malam, a gaida gudu." Kwanan baya ya tsayar da ni ya ce jikansa yana son koyon iyo, ko zan haɗa shi da masuncin nan. Na ce masa ranar Asabar, in Allah Ya kai mu, ya turo shi.