Rage Ƙiba: Sannu Ba Ta Hana Zuwa

A zamanin da, idan mutum ya yi ƙiba sai a ce ya ji daɗi, wato ya sami hutu da wadata. Har yanzu ma akwai masu shan ƙwayoyin da ake kira "sha ka fashe" don su yi jiki. Amma a birane irin su Legas, Abuja, Fatakwal da Kano, mutane da yawa ramewa suke nema, kuma so suke yi su rame cikin gaggawa. Duk wanda ya leƙa Facebook ko Instagram zai ga tallar shayin rage tumbi da tsare-tsaren abinci iri-iri. Wani ya ce a daina cin tuwo da shinkafa sam. Wani ya ce a wuni ana shan ruwan lemun tsami kawai. Kowannensu yana alkawarin cewa za a rame cikin mako biyu. Ra'ayina shi ne, waɗannan hanyoyin yayi ne kawai, kuma gyara yadda muke cin abinci kullum ya fi su amfani nesa ba kusa ba.

Babu mai musun cewa ƙiba fiye da kima matsala ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022, mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana da ƙiba fiye da kima. Irin wannan ƙiba tana jawo ciwon sukari, hawan jini da ciwon zuciya. Saboda haka mai son rage nauyi yana da gaskiya. Abin dubawa shi ne hanyar da zai bi.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a jiki idan mutum ya daina cin abinci mai sitaci farat ɗaya. Jiki yakan ajiye sukari a cikin hanta da tsoka don ranar buƙata, kuma kowane giram na wannan ajiya yana riƙe da ruwa kimanin giram 3. Idan abinci ya yanke, sai jiki ya cinye ajiyar, ruwan kuma ya fita ta fitsari. Shi ya sa a makon farko mutum zai hau sikeli ya ga ya ragu, ya yi ta murna, alhali yawancin abin da ya zubar ruwa ne, kitsen yana nan daram. Idan yunwar ta ci gaba, jiki zai fara cin tsokarsa, ya kuma rage yawan kuzarin da yake ƙonawa, kamar maigidan da ya tsuke bakin aljihu a lokacin fari. Ran da mutum ya gaji ya koma cin abinci yadda ya saba, nauyin zai dawo, wani lokaci har da ƙari.

Batun shayin rage tumbi ya fi wannan haɗari. Da yawa daga cikin irin wannan shayi suna ɗauke da ganyen da ke sa gudawa, dangin wanda Hausawa ke kira filasko. Gudawa ba ta narkar da kitse. Ruwa da gishirin jiki take kwashewa, ta bar mutum da kasala da jiri. Akwai kuma wani magani mai suna sibutramine, wanda aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Duk da haka, hukumomin lafiya sun sha gano shi a ɓoye cikin kayan rage ƙiba da ake cewa na ganye ne zalla. A Nijeriya, hukumar NAFDAC ce ke tantance abinci da magunguna. Mai hankali ba ya shan abin da ba shi da lambar rajistarta, kuma ko da lambar, ya kamata ya tambayi likita tukuna.

Ga ɗalibai kuwa, maganar ta fi nauyi. Matashi yana cikin girma. Ƙasusuwansa suna ƙara tsawo, ƙwaƙwalwarsa tana aiki daga safe har yamma. Yarinyar da ke ƙin karin kumallo don ta rame za ta iya kamuwa da ƙarancin jini, ta riƙa gyangyaɗi a aji, ta kasa riƙe darasi. Babu siffar jikin da ta cancanci a sayar da lafiya da karatu dominta.

Mece ce mafita? Mafita tana cikin tukunyar gidanmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a kowace rana. Muna da zogale, rama, alayyafo, kuɓewa, kuka, ugu da lalo, wanda Yarbawa ke kira ewedu. Muna da gwanda, goba, lemo da mangwaro, kowanne da lokacinsa. Ba sai an rabu da tuwo, sakwara ko amala ba. A rage girman malmala, a ƙara yawan miyar ganye. A riƙa cin wake, da hatsi irin su gero, dawa da acha, domin suna riƙe ciki na tsawon lokaci. A rage soye-soye. Gishiri kada ya kai giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma a tuna cewa dunƙulen magi ma gishiri ne.

Sai kuma sukari. Kwalbar lemo mai rabin lita tana iya ɗauke da sukari kimanin ƙaramin cokali 12, kuma wannan shi ne iyakar abin da aka yarda babban mutum ya sha a yini guda. Illar wannan na cikin dalilan da suka sa gwamnatin Nijeriya ta fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a 2022. Wanda ya maye gurbin lemon kwalba da ruwa, ko zoɓo da kunun da ba a cika wa sukari ba, ya yi wa kansa babban gata ba tare da ya ji yunwa ba. A haɗa wannan da motsa jiki: awa ɗaya a rana ga matasa, da aƙalla minti 150 a mako ga manya. Tafiya makaranta a ƙasa, ƙwallo, shara da ɗiban ruwa duk suna cikin lissafi.

Wani zai ce wannan hanya tana da jinkiri. Gaskiya ne. Masana lafiya sun ce rage rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya isa, domin irin wannan ragin ne ya fi ɗorewa. Wani kuma zai ce abinci mai kyau yana da tsada. Amma kuɗin fakitin shayin rage tumbi ɗaya zai sayi zogale da wake na kwanaki da yawa. Haka nan, akwai marasa lafiyan da likita kan tsara wa abinci na musamman, kamar masu ciwon sukari ko ciwon ƙoda. Wannan magani ne da ake bi a ƙarƙashin kulawar masani, kuma bai kamata a haɗa shi da tallar intanet ba.

Kafin ka rungumi kowane tsarin abinci, ka tambayi kanka: zan iya ci gaba da cin abinci haka har shekara goma? Idan amsar a'a ce, to, ka bar shi, domin nauyin da ya tafi da shi zai dawo ranar da ka daina. Fara da abu ɗaya a wannan makon, kamar barin lemon kwalba. Idan ka saba, ka ƙara wani. Hausawa sun ce yau da gobe ka sa allura ginin rijiya, kuma lafiyar jiki ma da kaɗan-kaɗan ake gina ta.